Abin da Waraƙa ya karanta: manzanni da masu ƙin su a littafin Kiristoci

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Shugaban halitta Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da 'yan'uwansa annabawa da manzanni baki ɗaya.

Bayan haka, duk almajirin da ya buɗe Sahihul Bukhari, tun a shafukan farko zai haɗu da tsohon nan makaho, Waraƙa ɗan Naufal. Bayan wahayin farko a kogon Hira, Nana Khadija (RTA) ta kai Manzon Allah (SAW) wurinsa, domin ɗan baffanta ne, ya shiga Nasaranci tun zamanin jahiliyya, yana kuma rubuta Linjila. Da ya gama saurare sai ya ce mala'ikan da ya zo wa Annabi Musa (AS) ne, ya kuma yi fatan ya rayu da ƙarfinsa har ranar da mutanen Makka za su fitar da shi. Manzon Allah ya yi mamaki, ya tambaya ko da gaske za su fitar da shi. Mamakin yana da dalili: mutanen nan Amintacce suke kiransa, wurinsa suke kai ajiya, shi ya raba musu gardama a kan Baƙin Dutse. Waraƙa ya tabbatar masa, ya nuna masa cewa duk wanda ya zo da irin wannan saƙo sai an yi gaba da shi.

Waraƙa bai san gaibu ba. Karatu ya yi. To me ya gani a littattafan magabata har ya yi magana babu shakka haka?

Tambayar ba ta malaman jami'a kaɗai ba ce. Bisa ƙidayar 2012, sama da kashi 99 cikin 100 na mutanen Nijar Musulmi ne, kuma a ƙauyukan Tagriss, can arewacin jihar Maraɗi cikin gundumar Dakoro, yaro yana iya girma tsakanin gona da garke bai taɓa ganin littafin Kiristoci ba. Amma ranar da ya sauka Maraɗi karatu a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, ko ya tafi cin rani Kano ko Jos, zai gan shi, kuma da Hausa, domin tun 1932 aka buga cikakkiyar fassararsa da sunan Littafi Mai Tsarki. 'Yan mishan na SIM sun zauna Damagaram a 1924, suka zauna Tsibirin Gobir a 1927, suka buɗe asibitin Galmi a 1950. Abokin ɗaki ko abokin aiki zai karanta masa labarin Iliya ko na Yahaya, ya ji sunayen da ya sani cikin labarin da bai sani ba. Wasu samari gudu suke yi kamar sun ga wuta, wasu kuma haɗiya suke yi ba taunawa. Duka biyun rashin karatu ne.

Malamai sun riga sun share hanya. Ya inganta cikin Bukhari cewa Manzon Allah (SAW) ya halatta ba da labari daga Banu Isra'ila, ya kuma inganta cewa ya hana gaskata Ma'abota Littafi kai tsaye ko ƙaryata su kai tsaye. Daga nan Ibnu Kasir, a gabatarwar tafsirinsa, ya kasa labaransu uku: wanda Alƙur'ani da Sunna suka gaskata, wanda suka ƙaryata, da wanda suka yi shiru a kansa. Na farko a karɓa, na biyu a mayar, na uku a ba da shi don wa'aztuwa ba don kafa hukunci ba. Imam Biƙa'i, wanda ya rasu a 885 bayan Hijira, ya ciro dogayen nassosi daga Attaura da Linjila cikin tafsirinsa Nazmud Durar. Da aka yi masa ca, sai ya rubuta littafi guda yana kare halaccin hakan. Maganar ƙin manzanni kuwa asalinta yana cikin kashi na farko. Suratul Baƙara aya ta 87 da Suratul Ma'ida aya ta 70 sun faɗi cewa an ƙaryata wasu manzanni an kashe wasu, saboda sun zo da abin da rayuka ba sa so. Alƙur'ani ya faɗi hukuncin a taƙaice. Littafin Kiristoci ya zo da sunaye da garuruwa da ranaku, waɗannan su ne na kashi na uku.

Aikin manzo a Tsohon Alkawari an kwatanta shi a littafin Ezekiyel, wanda masu tafsiri suke kira Hizƙil, babi na 33. Mai gadi ne a kan ganuwa da ƙaho a hannunsa. In ya hango takobi ya busa, mutane suka ƙi ji, alhakinsu yana wuyansu. In ya hango ya yi shiru, shi za a tambaya jininsu. Wanda ya san hadisin mai gargaɗin nan da ya hango runduna ya sheƙo tsirara yana kururuwa, ba zai ga baƙon abu a nan ba. Littafin Tarihi na biyu, babi na 36, ya ƙara da dalilin aikowa: tausayi ne ya sa Allah yake ta aiko da jakadu, ɗaya bayan ɗaya, ana yi musu ba'a, har abin ya wuce magani.

Cikin jakadun nan akwai wanda mutumin Tagriss zai gane da gani ɗaya, shi ne Amos. Alƙur'ani bai ambace shi ba, don haka ba a yanke cewa annabi ne, ba a kuma kore, tunda Suratu Gafir aya ta 78 ta ce akwai manzannin da ba a ba da labarinsu ba. Makiyayi ne daga ƙauyen Tekowa, yana kuma kula da itatuwan ɓaure. Ya rayu zamanin sarki Yerobowam na biyu, wajen shekara 760 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), lokacin da ƙasa ta yi arziki, wuraren ibada suka cika maƙil. Bai zargi mutanensa da barin ibada ba. Ibada suna yi, har da ƙari. Abin da ya kama su da shi a babi na 8 na kasuwa ne: 'yan kasuwar da suke ƙosawa ranar hutun ibada ta wuce su buɗe rumbu, su rage mudu, su ƙara farashi, su murɗe ma'auni, su sayar da dusa cikin hatsi, su mallaki talaka saboda bashin da bai wuce kuɗin takalmi ba. Wanda ya taɓa ganin yadda tiya take ƙanƙancewa a hannun wasu lokacin bazara, ko ya ga talaka ya ci bashin hatsi da damina ya biya ninki da kaka, ya san wannan wa'azi ba na wata ƙasa ba ne. Shi ne wa'azin Annabi Shu'aibu (AS) ga mutanen Madyana, shi ne farkon Suratul Muɗaffifina.

To wa ya kori Amos? Ba bamaguje ba ne, ba mashayi ba ne. Amaziya ne, firist na Betel, wato limamin babban ɗakin ibada. Ya fara aika wa sarki cewa mutumin nan makirci yake ƙullawa. Sannan ya ce wa Amos ya koma ƙasarsu ya nemi abincinsa da wa'azi a can, domin nan wurin ibadar sarki ne. A ganin Amaziya wa'azi sana'a ce, ya ɗauka baƙo ya zo cin kasuwarsa. Amos ya amsa cewa shi ba ɗan gidan annabci ba ne, daga bayan garke aka ɗauko shi.

Labarin Irmiya ya fi tsawo, ya fi ɗaci. Wannan kam malaman Musulunci sun san shi: Ibnu Kasir ya kawo shi cikin ƙissoshin annabawa, kuma Ɗabari ya ruwaito cewa wasu magabata suna ganin shi ne mutumin da ya wuce ta rusasshen gari a Baƙara aya ta 259, ko da yake wasu sun ce Uzairu ne. Shi ɗan gidan firistoci ne daga Anatot, kuma mutanen Anatot ɗin ne suka fara neman ransa. Ya tsaya a ƙofar Haikali a Urushalima, wato Baitul Maƙdis, ya ce wa masu shiga kada su ruɗi kansu da cewa wannan gini zai tsare su alhali suna sata da zina da rantsuwar ƙarya da danne maraya. Babi na 26 ya ce firistoci da masu kiran kansu annabawa ne suka nemi a kashe shi, sarakunan gari da talakawa ne suka cece shi a ranar. Wani mai wa'azi irinsa, Uriya, bai samu wannan sa'a ba: ya gudu Masar, aka kamo shi aka kashe. Fashur, babban jami'in Haikali, ya sa aka doki Irmiya aka sa shi a turu ya kwana. Da aka hana shi shiga Haikali, ya yi wa magatakardansa Baruk shifta, aka kai takardar gaban sarki Yehoyakim. Lokacin sanyi ne, sarki yana jin ɗumi. Duk sa'ad da mai karatu ya karanta sashi uku ko huɗu, sai sarki ya sa wuƙa ya yanke ya jefa a kasko, har takardar ta ƙare, babu wanda gabansa ya faɗi cikin fadawa. Irmiya ya sake shifta, har da ƙari. A ƙarshe, zamanin sarki Zadakiya, aka zura shi cikin rijiyar da ba ruwa sai laka, ya nutse a ciki. Ba a daɗe ba, wajen shekara 586 kafin haihuwar Annabi Isa, Bukhtanassar ya rushe garin da Haikalin da suka dogara da shi.

Sauran sun bi sahu. Mikaiya ya tsaya shi kaɗai gaban sarki Ahab bayan masu duba wajen 400 sun yi wa sarki albishir da nasara. Sarki da bakinsa ya ce ya ƙi jininsa saboda bai taɓa faɗa masa mai daɗi ba, aka mare shi, aka tsare shi, sarki ya tafi yaƙin bai dawo da rai ba. Annabi Ilyasu (AS), wanda Suratus Saffat ta ambaci yaƙinsa da bautar Ba'al, ya gudu jeji daga sarauniya Yezebel. Zakariya ɗan Yehoyada, ba mahaifin Annabi Yahaya ba, an jefe shi a farfajiyar Haikali da umarnin sarkin da mahaifinsa ya raina. Annabi Yahaya (AS) ya ce wa Hirudus auren matar ɗan'uwansa bai halatta ba, aka fille kansa don cika alkawarin da aka yi wa yarinya mai rawa a wurin biki.

In aka jera labaran nan, abu ɗaya yake fitowa, shi ne kuma abin da Waraƙa ya gani: masu ƙin manzo ba daga nesa suke zuwa ba. Danginsa ne, malaman garinsa ne, masu riƙe da mabuɗin ɗakin ibada ne. Linjilar Luka babi na 4 ta ce da Annabi Isa (AS) ya yi karatu a majami'ar Nazarat, garin da ya tashi, da farko sun yaba, sannan suka tuna sun san gidansu, a ƙarshe suka ja shi bakin dutse za su tunkuɗa shi. Markus ya ce abin da ya tsaya musu a rai shi ne sun san shi masassaƙi. Ƙuraishawa ma haka suka yi: Suratul Furƙan ta kawo ƙorafinsu cewa wannan Manzo yana cin abinci yana shiga kasuwa, Suratuz Zukhruf ta kawo tambayarsu me ya sa ba a saukar wa wani babba daga Makka ko Ɗa'ifa ba.

A nan ne kuma hanya take rabuwa, dole a faɗe ta ƙarara. Markus babi na 12 ya kawo misalin mai gonar inabi da ya ba manoma haya, yana aiko bayinsa karɓar rabonsa, suna dukan wasu suna kashe wasu, har ya aiko ɗansa suka kashe shi. Kirista yana karanta ɗan a matsayin Annabi Isa, yana ganin ƙin manzanni ya kai ƙarshensa a kan gicciye, a kan haka ya gina imaninsa na ceto. Musulmi ya yarda da bayin, ya yarda an yi niyyar kashe Annabi Isa, amma Suratul Ikhlas ta kore ɗa, Suratun Nisa'i aya ta 157 da 158 ta kore kisa da gicciyewa, ta ce Allah ya ɗauke shi. Haka nan duk inda littafin ya jingina wa wani annabi alfasha, kamar yadda ya yi wa Annabi Dawuda da Annabi Luɗu (AS), wannan kashi na biyu ne, ba a karɓa, domin annabawa ma'asumai ne. Faɗin wannan ga abokin karatu Kirista ba ya buƙatar zagi. Suratul Ankabut aya ta 46 ta tsara yadda ake yi.

Akwai haɗari ga mai karatu a daidai wannan wuri. Zai iya rufe littafin ya ce: ga shi nan, da bakinsu sun yarda sun kashe annabawa. Sai ya mayar da labarin sanda. An ga inda irin wannan zafin kai ya kai a Janairun 2015, da aka ƙona coci-coci a Damagaram da Yamai saboda zanen ɓatancin da aka yi a Faransa, alhali maƙwabtan da aka ƙona wa ba su suka zana ba. Mai wannan karatu ya manta da hadisin Bukhari da ya ce wannan al'umma za ta bi hanyoyin waɗanda suka gabace ta taki bayan taki. Ya kuma faɗa daidai ramin da Matiyu babi na 23 ya ambata. A can an ruwaito Annabi Isa yana tsawata wa malaman zamaninsa: suna gina kaburburan annabawa, suna ƙawata hubbaren salihai, suna cewa da a zamanin kakanninsu suke da ba su sa hannu a jinin annabawa ba, alhali ga mai gaskiya a gabansu suna ƙulla masa.

Wannan nassi ya kamata ya tsayar da ɗan ɗariƙa fiye da kowa. Ba don ziyara laifi ce ba. Ziyara sunna ce, girmama waliyyai addini ne. Sai don girmama wanda ya rasu ya fi sauƙi. Wanda yake cikin hubbare ba zai ce wa mai ziyara ya mayar da gonar marayu ba, ba zai duba tiyarsa ba, ba zai tambaye shi me ya sa shanunsa suka kwana a gonar wani, ko me ya sa ya nome burtali. Annabci an rufe shi da Manzon Allah (SAW), amma malamai magadan annabawa ne, kuma cikin gadon har da wannan rabo. An ƙona Ihya'u Ulumiddin na Imam Gazali a Ƙurɗuba a 1109 da fatawar malamai. Shehu Ahmadu Tijjani (RTA) ya bar ƙasarsa saboda matsin mahukunta ya sauka Fas a 1798. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu a 1804, sarkin Gobir Yunfa ne ya matsa masa. Shehu Ibrahim Inyass (RTA), bayan bayyanar Faira a 1929, adawar farko daga cikin gida ta fito, har ya fita ya kafa Madina Baye. Yau jikokin masu adawa da jikokin masoya tare suke layin ziyara. Kowa yana jin da yana nan da ya bi. Da wuya a samu mai zargin kansa da cewa wataƙila da shi Amaziya ne.

Wa'azin Irmiya a ƙofar Haikali ma yana da wurin zama a zawiya. Mutanensa sun dogara da gini, muridi yana iya dogara da suna: ya karɓi wuridi, yana da muƙaddami, yana zuwa wazifa, shi ke nan. Alhali cikin sharuɗɗan ɗariƙa akwai cewa kada muridi ya amince wa makarun Allah, ya riƙa saɓo yana jingina da alkawari.

Akwai kuma wani irin ƙi da ba a duka, ba a jifa, shi ya fi ɓoyuwa. A ƙarshen babi na 33 na Ezekiyel an ce mutane suna kiran juna su je su ji saƙo, su zauna gabansa kamar masu biyayya, bakinsu cike da ƙauna, zuciyarsu tana wurin riba. A wurinsu shi kamar mawaƙi ne mai zaƙin murya: a ji daɗi, a watse. Wanda ya halarci maulidi ya ga yadda ake kabbara in malami ya kawo ƙissa mai daɗi, da yadda wuri yake yin tsit in ya juyo kan bashi da gado da haƙƙin mata, ya san wannan aya ba ta tsufa ba. Wayoyi cike suke da karatu da ƙasidu, ana turawa daga wannan zuwa wancan. Ji ya yawaita. Amos da ya zo yau, mai yiwuwa ba za a kore shi ba, ɗaukarsa za a yi a waya.

Kada kuma a juya maganar a ce duk wanda aka ƙi mai gaskiya ne. An ƙi Musailama, kuma maƙaryaci ne. Kano ta ƙi Maitatsine a 1980, kuma tana da gaskiya. Yaro ya karanta littafi biyu ya zagi iyayensa da malamansa, aka kore shi daga masallaci, bai zama Irmiya ba. Littafin Kiristoci da kansa ya ba da ma'auni: Irmiya ya ce wa Hananiya, mai yi wa mutane albishir ɗin ƙarya, lokaci ne zai nuna, Matiyu babi na 7 ya ce a duba abin da itace yake haifarwa. A labaran da suka gabata, mai gaskiya ba ya neman lada, yana faɗin abin da zai jawo masa asara, kuma yana kuka saboda mutanen da yake yi wa gargaɗi. Irmiya har laƙabi ya samu na annabi mai kuka. Wanda yake jin daɗin halakar waɗanda yake yi wa wa'azi ba daga wannan gida ya fito ba.

Saura waɗanda suka tsaya tare da manzanni a ranar wuya, kuma abin mamaki galibinsu ba manyan gari ba ne. A Suratu Yasin mutumin daga ƙarshen gari ya sheƙo. Ranar Ɗa'ifa, bayan yara da wawaye sun jefi Manzon Allah (SAW) har ƙafafunsa suka yi jini, wanda ya kawo masa inabi ya sumbaci kansa da hannayensa bawa ne Banasare mai suna Addas, mutumin Ninawa, garin Annabi Yunusa (AS). Wanda ya fitar da Irmiya daga rijiya kuwa baƙar fata ne Bahabashe, bawan fada mai suna Ebed-melek. Ya tunkari sarki a bainar jama'a ya ce abin da aka yi mugunta ne, mutumin nan zai mutu da yunwa. Da aka ba shi izini bai zarce bakin rijiya ba. Sai da ya biya ɗakin ajiya na fada ya tattaro tsummoki da tsofaffin riguna, ya zura su da igiya, ya ce wa Irmiya ya sa su a hamatarsa kafin ya ɗaura. Duk wanda ya taɓa shiga yasar rijiya a ƙasar Dakoro, inda igiya take tafiya gaba da yawa kafin ta taɓa ruwa, ya san abin da igiya take yi wa hamatar mutumin da ake ja daga cikin laka.